Tsakanin Hawan Kibo da Lakar Bokkos: Wace Taya Ta Dace da Motar Aiki a Filato?

Duk motar gwamnatin da ta taso daga Abuja za ta Jos ta hanyar Akwanga, jarrabawa biyu ke jiranta kafin ta koma gida. Ta farko tana Hawan Kibo, a Ƙaramar Hukumar Riyom, inda titi ke barin ƙasar kwari ya kama dutse da kwanoni, har ya ɗora matafiyi a kan tudun da ya kai mita 1,200 sama da teku. Ta biyu tana can inda kwalta ta ƙare, a hanyoyin ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Bassa, wato inda galibi aikin da ya kawo jami'in yake. Hawan Kibo yana neman tayar da ke riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta a gangara. Hanyar ƙauye kuma tana neman wadda ke tona laka, kuma dutse bai yanka ta da sauƙi. Babu tayar da ta yi zarra a duka biyun, don haka kowane zaɓi yana da abin da aka samu da abin da aka sadaukar.

Abin damuwar shi ne, ba kasafai direban da zai riƙe sitiyari a wannan gangara yake da ta cewa a zaɓin ba. Ana yanke shawarar ne a ofis, watanni kafin tafiyar, cikin takardar neman izinin saye da sau da yawa ba ta faɗi komai ba illa adadin tayoyi da sunan mota. Wanda ya rubuta ta, da wanda ya sa mata hannu, da hadimin da ya ba da shawarar a sa wa motar maigida tayar da za ta cika ido, su ma za su zauna a cikin motar nan ran tafiya.

Jos ba wurin da ma'aikacin tarayya zai ce babu ruwansa da shi ba ne. Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Ƙasa tana Kuru tun 1979, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi tana Vom tun 1924, hedikwatar Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu tana cikin birnin, ga kuma Runduna ta Uku ta Sojan Ƙasa a Rukuba. Masu sa ido kan ayyuka, da jami'an allurar rigakafi, da ma'aikatan zaɓe, da masu rabon taki, duk akori-kura ce ke kai su inda za su. A da, wannan suna na Peugeot ne da ake haɗawa a Kaduna. Yau Toyota Hilux ce ta gaje shi, sai Mitsubishi L200 da Ford Ranger da ire-irensu. A wancan zamani zaɓin taya bai da yawa, domin Dunlop tana yi a Ikeja, Michelin tana yi a Fatakwal. Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta bi sahu a 2008. Tun daga nan kasuwa ta cika da tayoyin waje masu suna iri-iri, na kirki da na banza a rumfa guda, nauyin tantancewa kuma ya koma wuyan mai saye.

Abin da lambobin ke faɗi

A jikin kowace taya akwai jerin lambobi da mutane da yawa ke kallo kamar rubutun laya. A ɗauki wadda ta fi yawa a sababbin Hilux: 265/65R17 112S. Lamba ta farko faɗin tayar ce, milimita 265. Ta biyu tsayin kuiɓinta ne, wato robar da ke tsakanin rim da ƙasa, wanda ya kai kashi 65 cikin ɗari na faɗin, kimanin milimita 172. Harafin R yana nuna irin saƙar da ke cikinta, 17 kuma faɗin rim ne da inci. Sauran biyun su ne aka fi mantawa, alhali su ne suka fi kusa da rai: 112 na nufin taya ɗaya tana iya ɗaukar kilo 1,120 idan ta sha iskar da ta dace, S kuma na nufin an gwada ta har gudun kilomita 180 a awa.

Hilux ba girman taya ɗaya take fitowa da shi daga kamfani ba. Ta aiki, mai rim na ƙarfe, takan zo da 205R16C ko 225/70R17C, siraran tayoyi masu taurin jiki. Ta tsakiya tana zuwa da 265/65R17, ta manya kuma da 265/60R18. Girman da aka ƙera kowace mota a kansa yana rubuce a wata 'yar takarda da aka liƙa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, tare da yawan iskar da ya kamata. Wannan takarda, wadda ƙura kan rufe har ba a ganin rubutunta, ta fi duk wata shawarar bakin kasuwa sanin motar.

Jarabar girma

Sha'awar ƙara girman taya tana da hujjar da ake iya saurara: a hanyar da ruwa ya zaizaye, mota mai tsawo ba ta goga ciki da ƙasa. Amma lissafi yana rage wa hujjar ƙarfi. Tayar 265/65R17 tsayinta gaba ɗaya milimita 776 ne. Idan aka sauya ta da 265/70R17, tsayin ya zama 803. Rabin wannan bambanci ne kawai ke ɗaga motar, wato milimita 13, ƙasa da kaurin babban yatsa. Wanda ya zarce zuwa 285/70R17 ya sami tsayin 831, ya ɗaga motarsa da milimita 27, ya kuma sayi matsalolin da ba a gaya masa ba a shago.

Ta farko tana fuskar direba. Agogon gudu yana ƙirga juyawar taya ne, bai san an canza ta ba. Da 265/70R17, idan allura ta nuna 100, motar ta ƙara wajen kilomita uku da rabi a kan abin da take yi da tayar asali. Da 285/70R17 ƙarin ya kai bakwai. Ma'aunin nisa shi ma yana yin ƙasa da gaskiya: tafiyar kilomita 280 sai ta fito 262 a littafin tafiye-tafiye. Jami'in da ke lissafin mai zai ga lita ta ƙaru, kilomita ta ragu, ya fara kallon direba da wani ido, alhali laifin yana ƙarƙashin madigadi.

Ta biyu ta fi tsanani a Filato musamman. Babbar taya tana sa kowace giya ta yi wa inji nauyi. Injin fetur marar tabo, irin mai lita 2.7 da ke cikin Hilux da yawa na hukumomi, dama yana rasa ƙarfi yayin da aka yi sama, domin iska tana yin sako-sako. Ƙiyasin da injiniyoyi ke aiki da shi shi ne kusan kashi 3 cikin ɗari a kowace mita 300. A tsayin Jos, fiye da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da aka rubuta wa injin ya riga ya tafi. A ɗora masa taya mai girma da nauyi, sai a ga mota tana nishi a Hawan Kibo, direba yana neman wuce tirelar da ke rarrafe amma ƙarfin bai isa ya gama wucewar kafin kwana ba. A dawowa kuma al'amarin ya juye. Mai sanin hanya yana sauka da ƙaramar giya ne, inji ya riƙe motar, birki ya huta. Babbar taya tana rage wannan riƙo, tana kuma ƙara wa birki aiki, ga gangara mai tsawo. Birkin da ya yi zafi ba ya ba da sanarwa kafin ya daina ci.

Akwai kuma masu bin hanya ta daban: su bar tsayin yadda yake, su ƙara girman rim. Tayar 265/50R20 tsayinta kusan ɗaya da na asali, amma kuiɓinta milimita 132 ne a maimakon 172. A titunan Maitama da Asokoro wannan ado ne. A kan ramin da ruwan Agusta ya ɓoye tsakanin Forest da Riyom, santimita huɗun nan da aka cire su ne da za su shanye bugun. Idan babu su, robar ta matse tsakanin bakin rami da rim, ta tsage ko ta yi ƙulu, wani lokaci rim ɗin ma ya fashe. Sannan a tambayi kai: idan haka ta faru a Pankshin ko Shendam da yamma, wa ke ajiye da taya mai inci 20? Mai inci 16 da 17 ana samunsu a 'Yan Taya da Dilimi cikin Jos, ana kuma iya dace da su a ƙananan garuruwa. Ga motar da ke shiga daji, girman da kowa ke da shi wata kariya ce.

Game da faɗi ma akwai fahimtar da ke buƙatar gyara. Taya mai faɗi tana da amfani a rairayi, domin tana shimfiɗa nauyi kada mota ta nutse. Wanda zai yi aiki a Yusufari ko Machina yana da dalilin nemanta. Ƙasar Filato daban take: dutse ne da marmara da jar ƙasa. A irin wannan wuri lakar saman takan yi santsi amma ƙarƙashinta da tauri, kuma siririyar taya ce ke ratsa ta ta taka abin da zai riƙe ta. A kan kwalta mai ruwa ma siririyar ba ta saurin yin iyo kamar mai faɗi. Tayar 205R16C da ake rainawa a kira ta ta 'yan kwangila, ba banza aka ɗora ta a motocin aiki ba.

Zane uku, ƙasa biyu

Zanen taya ya kasu gida uku, kowanne da haruffansa a jiki ko a takardar kamfani. H/T ta titi ce, zanenta a matse, da kwaroron da ke korar ruwa. M/T ta taɓo ce, haƙoranta manya a warwatse. A/T ta zauna a tsakani.

Ta taɓo ita ce ke burge ido, kuma a inda aka yi ta dominsa ba ta da na biyu: gibin da ke tsakanin haƙoranta yana tofar da laka a kowace juyawa, ya sake cizon ƙasa. Sai dai gibin nan shi ne rauninta a kan kwalta, domin robar da ke taɓa titi ta ragu, kuma ƙananan tsagogin da ke share ruwa daga ƙarƙashin taya kaɗan ne a jikinta. Sakamakon shi ne tsayuwa mai nisa idan an taka birki cikin ruwan sama, ga ƙugi da ke hana hira a cikin mota, ga shan mai, ga saurin cinyewa ba daidai ba. Jos tana samun ruwa kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, mafi yawansa a Yuli da Agusta, sau da yawa da hazo a kan tudu. Motar da ke yin kilomita ɗari tara cikin kowane dubu a kan kwalta, ta ɗauki tayar taɓo saboda ɗarin da ya rage, ta sayi kwanciyar hankalin yini guda da haɗarin sauran kwanakin wata.

Akori-kura tana da wata ɗabi'a da ke ƙara wa wannan nauyi. An ƙera ta don kaya, bayanta a kan sifirin mai tauri, kuma a kan titi tayoyin baya ne ke tura ta. Idan bodin ba komai, bayan ba shi da nauyin da zai danne shi, don haka shi ne ke fara sulɓewa a kwana mai ruwa. Ayarin manya yawanci haka motocinsa suke tafiya, ba kaya, ga sauri.

Ta titi kuma nata raunin yana bayyana ne da zarar an sauka daga kwalta. A hanyoyin gonakin dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, bayan ruwan dare, jar laka takan cike matsattsen zanenta cikin 'yan mitoci, ta mayar da ita kamar suɗaɗɗiya. Tayoyi huɗu na juyawa, mota tana tafiya a karkace zuwa kwalbati. A rani ma ba ta tsira ba, domin duwatsu masu kaifi da tsakuwar tsofaffin wuraren haƙar kuza a kewayen Bukuru da Barikin Ladi suna yanka kuiɓi mai laushi, kuma yankan kuiɓi ba ya facuwa.

Saboda haka ga motar da ke yin duka biyun, wadda ita ce mafi yawan motocin ayyukan tarayya a jihar, A/T a girman asali ita ce zaɓin da ya fi tsayawa da ƙafarsa. Ba za ta fitar da mota daga fadamar da ta kai gwiwa ba, ba kuma za ta yi shirun ta titi ba, amma ba ta kunyata mai ita a ko'ina. Su ma A/T ɗin ba ɗaya suke ba: akwai masu kusanci da ta titi, akwai masu kusanci da ta taɓo, kuma ga mai bin Hawan Kibo kowane mako, wadda jikin haƙoranta ke cike da ƙananan tsagogi ta fi. Motar da aikinta bai wuce kai takardu tsakanin Abuja da Kuru, ko ɗauko baƙi daga filin jirgin Heipang ba, H/T ta ishe ta, ta ma fi mata. M/T kuwa a bar wa motar da ke zaune a jihar, wadda daminarta duka a hanyar ƙauye take ƙarewa, kuma a gaya wa direbanta a fili cewa gudunsa a kwalta ya ragu.

Wani abin lura a kasuwar tayoyin hannu: da yawa daga cikinsu tayoyin hunturu ne da aka ciro a Turai. Zanensu mai yawan tsaga yakan yaudari mai neman ta daji, wani ma ya ce ai Jos garin sanyi ne. An yi robarsu ne don yanayin da bai kai digiri 7 ba. Sanyin Jos na asubahin Disamba ne. Da rana kwalta tana zafi, balle idan an gangara Akwanga da Keffi.

Nauyin da ba a aunawa

Girma da zane su ake gardama a kai, amma lambar ɗaukar nauyi ce ta fi yawan jawo fashewa. Hilux mai ƙofa huɗu tana ɗaukar abin da ya kusa tan ɗaya, kuma wannan lissafi ya haɗa da mutanen da ke ciki. Mutum biyar masu kilo saba'in-saba'in sun cinye 350. Abin da ya rage bai wuce buhun taki goma sha biyu ko sha uku masu kilo 50 ba, kuma kusan dukkansa a kan tayoyin baya zai sauka. Wanda ya taɓa ganin yadda ake loda mota ran rabon kaya, ko motar jami'an tsaro da aka yi wa benci da rumfar ƙarfe, ya san ba kasafai ake tsayawa a nan ba.

Tayoyi biyu suna iya zama girma ɗaya, zane ɗaya, amma cikinsu ya bambanta. Mai harafin C a ƙarshe, ko LT a farko, an yi ta ne don motar kaya, saƙarta ta fi ƙarfi, kuiɓinta ya fi kauri. Wadda ba ta da ko ɗaya, ko mai harafin P, ta motar shiga ce. A ƙa'idar Amurka, idan aka ɗora irinta a akori-kura sai an rage kusan kashi ɗaya cikin goma daga nauyin da aka rubuta mata. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada lambar ta yi ƙasa da wadda ke jikin ƙofa. Inda aka rubuta 112, taya mai 108 ta rage kilo 120 a kowace ƙafa, ko da ta shiga rim ɗin daidai kuma ta fi araha. Ita ma LT ba kyauta ba ce. Ta fi nauyi, ta fi jijjiga, kuma tana buƙatar iska fiye da ta motar shiga kafin ta ɗauki kaya iri ɗaya. Wanda ya sa ta ya bar iskar yadda take a da, ya raunana abin da ya biya kuɗi don ƙarfinsa.

Iskar ita kanta tana da nata labarin a wannan hanya. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa a kowace juyawa, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da waya. Mai yawan iska kuma tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa. Masu faci da yawa suna aiki da gejin da ya daɗe da daina faɗin gaskiya, wasu kuma suna karanta lambar da ke jikin taya, wadda iyaka ce, ba umarni ba. Takardar ƙofa tana ba da adadi biyu, na mota ba kaya da na mai kaya, kuma ana aunawa ne da safe kafin taya ta ɗau zafi. Taya tana rasa kimanin psi ɗaya a duk faɗuwar digiri biyar zuwa shida. Wadda aka cika da tsakar ranar Abuja ta kwana a sanyin hunturun Rayfield, za ta wayi gari ta rasa uku ko fiye, ko da yake hawan tudu yana mayar mata da kusan ɗaya saboda iskar waje ta yi sauƙi. Rage iska kaɗan a laka ko kan duwatsu dabara ce ta gaske, amma sai ga wanda ke da famfo a mota, domin hawa kwalta da ita haka shi ne ainihin abin da ake gudu.

A takarda ake fara fashewa

Ma'aikatan tarayya ba su manta da ranar 6 ga Maris, 2016 ba, ranar da Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Motarsu ba akori-kura ba ce, amma binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ya nuna abin da ke iya samun kowace doguwar mota: tayar baya ta fashe ana cikin gudu, aka taka birki, mota ta wuntsila. Bayan wannan ne hukumar ta tsananta binciken tayoyi a kan hanya, ta kuma yaɗa matsayinta cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙera ta. Kamfanoni irin su Michelin suna ba da wa'adin da ya fi haka, su ce a riƙa duba ta kowace shekara bayan ta cika biyar, a cire ta idan ta kai goma komai kyanta. Motar gwamnati da ke yawo a ramuka da zafin ƙasar nan ba ta da dalilin jiran dogon wa'adin, kuma jami'in da zai tsayar da ita a hanya da na hukumarsa zai yi aiki.

Ranar ƙerawa tana ƙarshen layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu: 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023. Taya tana iya zama sabuwa fil, ba ta taɓa taka ƙasa ba, amma ta shekara uku a sito. Shigo da tayoyin hannu na ƙananan motoci yana cikin jerin abubuwan da Hukumar Kwastam ta haramta, duk da haka ba su ɓace daga kasuwa ba, wasu ma an sake yanka musu zane da wuƙa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta sha kama sababbin tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu don a rage kuɗin jigila da na fito, abin da ke lauye bakinsu tun kafin su ga rim.

A nan ne alƙalamin jami'in saye ya fi sifanar makanike tasiri. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ce a ba wanda ya kawo farashi mafi ƙanƙanta cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Idan sharaɗin bai wuce taya biyar ta Hilux ba, kowa ya cika shi, kuma mafi araha ce za ta ci, ko ta hunturu ce ko ta shekara uku. Araha ba ta ado, amma a nan ba ɗan kwangila ne ya yi laifi ba. Abin da aka tambaya ya kawo. Takardar da ta ambaci cikakken girma, da lambar nauyi da ta gudu mafi ƙanƙanta da za a karɓa, da nau'in zane, da cewa ranar ƙerawa kada ta wuce wata goma sha biyu kafin a kawo kaya, ta rufe ƙofar nan da layi huɗu. Kuma kafin a rubuta ta, tambayar direban motar inda take zuwa da abin da take ɗauka ba zai ci minti goma ba. Shi ne ya san ko wata uku da suka wuce ta taɓa barin kwalta.

Ranar karɓar kaya ma aiki ne, ba sa hannu kaɗai ba. A karanta lambobin kowace taya, ba ta saman tari kawai ba. Idan kasafi bai kai a canza duka ba, sababbin biyun baya suke zuwa, domin sulɓewar baya ce ta fi wuyar gyarawa. A motar da ake sa wa giyar ƙafa huɗu, dole tayoyin su zama girma ɗaya da zane ɗaya, in ba haka ba gaba da baya su riƙa jayayya, ƙarafan ciki su biya kuɗin. Ƙaramin tudun da ke cikin kwaroron zane yana nuna milimita 1.6, iyakar ƙarshe. Motar da za ta yi daminar Filato ya kamata a canza mata tun tana wajen uku.

Sai ta biyar, safaya, wadda ke rataye da sarƙa a ƙarƙashin bodi, inda laka da ruwa ke dukanta shekara da shekaru ba wanda ya leƙa. A motoci da yawa da aka canza wa girman taya, ita tana nan a girmanta na kamfani, da iskar da aka sa mata ranar da aka sayo motar. Ƙarfen sauko da ita kuma sau da yawa yana can a garejin Abuja, ko a motar da aka ara wa shi bara.